Yadda ake kashe jan tagulla daga gashin da aka yi wa bilicin a gida

Ranar da na fara yi wa gashina bilicin, abin da nake hange a raina fari ne mai sanyi da ɗan sirkin toka. Da na wanke kai na tsaya gaban madubi, sai na ga tushen ya yi rawaya, tsakiya ya yi ja-ja kamar tsohon kwanon tagulla, bakin gashin kuma wani launi ne da har yau ban san sunansa ba. Na ɗauka na ɓata aikin gaba ɗaya. Ashe rabinsa kawai na yi. Bilicin cire launi ne aikinsa, ba ruwansa da abin da ya bari a baya. Gyara wannan saura aikin wani rini ne mara ƙarfi da masu gyaran gashi ke kira tona. Tun daga lokacin na yi wannan aiki sau ba adadi, a kaina da kan wasu, kuma yawancin abin da zan faɗa miki daga kuskure na koya.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki sayi komai

Launin gashi daga sinadarai iri biyu yake zuwa. Ɗaya shi ke ba da baƙi da ruwan ƙasa, ɗayan kuma ja da rawaya. Bilicin yana saurin cinye na farko, na biyun kuwa taurin kai gare shi. Shi ya sa baƙin gashi ba ya tsallakawa zuwa fari kai tsaye: sai ya bi ta ruwan ƙasa, ja, ruwan lemo, rawaya, sannan rawaya mai haske sosai. Kamfanonin rini sun jera wannan a matakai daga 1 zuwa 10. Mataki na 1 baƙi ne wuluk. A wajen 5 da 6 ja ne ke rinjaye, na 7 ruwan lemo, na 8 lemo da ya fara komawa rawaya, na 9 rawaya, na 10 kuma kamar cikin ɓawon ayaba.

Kowane launi da mai kashe shi. Shunayya tana kashe rawaya, shuɗi yana kashe ruwan lemo, kore yana kashe ja. Iyakar ilimin ke nan. Amma ki riƙe wannan da kyau, domin a nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami: tona ba ta ƙara wa gashi hasken a zo a gani. Launi take ɗorawa a kan launi. In gashinki yana mataki na 7, ko kwalba goma ta tonar mataki na 10 kika zuba masa, ruwan lemon nan yana nan yana kallonki.

Kayan aiki

Tonar da ta dace da matakin gashinki. Ruwan haɗinta, wanda ake kira dibelofa, mai lamba 10 vol ko 20 vol. Kwanon roba ko na gilashi, ban da na ƙarfe, domin ƙarfe yana taɓa sinadarin ya sauya aikinsa. Burushin shafa rini. Safar hannu, aƙalla biyu-biyu sau biyu, don ɗaya kan yage ana tsakiyar aiki. Ƙaramin kofin awo mai layin mililita, ko sikelin kicin. Abin maƙale gashi guda huɗu na roba, mataji mai manyan haƙora, tsohon tawul da tsohuwar riga da ba za ki ji zafin ɓacinsu ba, Vaseline, agogo, shamfu mai laushi, da kwandishana mai kauri. In akwai madubi biyu, ya fi, saboda ƙeya.

Game da dibelofa: lambar da ke jikinta ƙarfin sinadarin haidirojin feroksaid ne. Mai 10 vol kashi 3 cikin ɗari ce, mai 20 vol kashi 6, mai 30 vol kashi 9, mai 40 vol kashi 12. Biyun ƙarshen nan ba su da gurbi a wannan aiki, ko kyauta aka ba ki. Gashin da ya riga ya sha bilicin a buɗe yake, ba ya bukatar a ɓalle masa ƙofa da ƙarfi.

1. Gwajin fata, kwana biyu kafin aiki

Ki shafa tonar ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin lanƙwasar gwiwar hannu yadda takardar cikin kwalin ta ce, ki jira awa 48. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ja, ƙuraje ko kumburi, magana ta ƙare, wannan rinin ba naki ba ne. Kada ki ce ai kin taɓa yin rini lafiya lau. Jiki yana iya juya wa abu baya bayan shekaru yana karɓarsa. Wadda fatarta ta taɓa ɗurar ruwa ko kumbura bayan zanen baƙin lalle ta fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin sau da yawa ana zuba masa sinadarin PPD, kuma shi ko danginsa suna cikin rinin gashi da dama. Irin wannan ta tuntuɓi likita tukuna.

2. Ki dubi gashin da idon gaskiya

Ki busar da shi sarai, ki fita inda hasken rana yake ko ki tsaya bakin taga. Fitilar ɗaki maƙaryaciya ce: mai ja tana ƙara masa tagulla, fara kuma tana ɓoyewa. Jiƙaƙƙen gashi ma ya fi duhu a ido. Ki ɗaga shi ki duba ciki da ƙeya, ba saman da kike gani kullum kaɗai ba. In da hali ki ɗora ɓawon ayaba kusa da shi. In ya yi kama da cikin ɓawon, kin kai 10. In ya yi kama da bayansa, kina wajen 9. In ya fi haka ja, ki yarda kina ƙasa, kada ki yi wa kanki alfarma.

Sai lafiyarsa. Ki jiƙa sili biyu ko uku ki ja a hankali. Lafiyayyen gashi zai ɗan miƙe ya koma. In ya yi ta miƙewa kamar cingam, ko ya tsinke nan take, ko ya yi yauƙi a hannu, ki ajiye dibelofa gefe. Wannan gashi jinya yake so na 'yan makonni, kuma hanyar kwandishana da zan kawo a ƙasa ita ce tasa. Haka in fatar kai tana zafi ko ta yi ɓawo bayan bilicin, a jira ta warke. Gashin da aka sa wa rilaksa kuma aka bi shi da bilicin ya sha wuya sau biyu, ni kam ba na kusantarsa da dibelofa a gida.

3. Zaɓen tona

Rawaya mai haske, wato 9 zuwa 10, tona mai tushen shunayya. Rawayar da ke da ɗan lemo a ciki, wajen 8, mai haɗin shuɗi da shunayya. Ruwan lemo sosai, wajen 7, mai tushen shuɗi, kuma ki zaɓi lambar da ta yi daidai da matakinki ko ta ɗan fi shi duhu. Sakamakon zai zama ruwan ƙasa mai haske da sanyi, ba fari ba, kuma yana da kyau ƙwarai in kin saki ranki da shi. In fari kike so dole, sai wani zagayen bilicin bayan aƙalla mako biyu, in gashin zai ɗauka.

Lambar da ke jikin kwali kashi biyu ce. Ta farko mataki, wadda ke bayan ɗigo ko sanda kuma launin da ke ciki. Matsalar ita ce kamfanoni ba su haɗa baki ba. A tsarin L'Oréal, 1 toka ce, 2 shunayya, 3 zinariya. A tsarin Wella kuwa 6 ce shunayya, 8 mai shuɗi, 2 kuma ta karkata ga kore. To kin ga wadda ta haddace lambar wani kamfani ta je ta sayi ta wani, tana iya dawowa da kai mai kore-kore. Ki karanta bayanin launin da aka rubuta, ba lamba kaɗai ba. Wasu da haruffa suke aiki: A toka, V shunayya, G zinariya. Duk mai G ko 3 ƙara miki ɗumi zai yi.

Wadda aka fi ambata a intanet ita ce Wella Color Charm T18, kuma an yi ta ne don gashin da ya kai cikin ɓawon ayaba. 'Yar'uwarta T14 tana da shuɗi a cikin shunayyarta, don haka ta fi jure ɗan saura na zinariya. In kina da zaɓi, irin tonar da ba ta dawwama, wadda ba ta da amoniya kuma ake haɗa ta da dibelofa mara ƙarfi, ta fi sauƙi ga mai koyo. Kuskurenta yana wankewa.

4. Gwaji a kan ɗan gashi

Wannan matakin kowa ke tsallakewa, ni ma na tsallake shi na ɗanɗana kuɗata. Ki haɗa cokali ɗaya na tonar da dibelofarta, ki ware ɗan gashi daga ƙeya inda ba a gani, ki shafa daga tushe har baki, ki riƙa gogewa kina dubawa duk minti uku. Ki rubuta mintin da launin ya yi miki. Ki wanke, ki busar, ki kai shi hasken rana. Minti ashirin ne za su nuna miki abin da babu wanda zai iya faɗa miki daga nesa: saurin shan gashinki, da wurin da ya fi sha.

5. Shirya kai

Ki wanke da shamfu kawai, ban da kwandishana, ban da mai. In bilicin kika gama yanzu, ki wanke sau biyu har ki tabbata babu ragowarsa, kuma kada ki karce fatar kai da farce. Ki matse da tawul har ya daina ɗiga amma da sauran danshi. Yawancin tona a kan gashi mai danshi ake shafa su, sai dai in takardar taki ta ce busasshe. Danshin yana taimaka wa rinin ya bazu daidai, ya kuma rage wa bakin gashi haɗama. Ki taje, ki tsaga daga goshi zuwa ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne, kashi huɗu ke nan, ki maƙale kowanne. Vaseline a goshi, kunnuwa da wuya, amma kada ya taɓa gashin, don inda ya taɓa rini ba ya kamawa. Ki buɗe taga.

6. Haɗawa

Sai komai ya kammala a gabanki za ki haɗa, domin da zarar sun gamu sun fara aiki. Ki bi awon da ke kan takarda, da kofin awo, ba da ido ba. T18 da T14, alal misali, kashi ɗaya na tona ne da kashi biyu na dibelofa, kuma kamfanin 20 vol ya rubuta. Kwalbarta mililita 42 ce, ke nan dibelofa 84. Ni a gashin da ya gaji 10 vol nake sawa. Launin ba ya daɗewa kamar na 20, amma gashin ya fi samun sauƙi. Akwai wani dalilin kuma. In sabon baƙin gashi ya tsiro a tushe, 20 vol tana ɗan buɗe shi, sai ki kashe ja a ƙasa ki haifi wani sabon layin ja a sama.

Ki juya har ya haɗe. Zai fara sauya launi a cikin kwano, ya yi duhu, hakan daidai ne. Gashi mai yawa ko mai tsawo yana iya cin kwalba biyu. Ƙarewar rini ana rabin kai ya fi asarar saura ciwo.

7. Shafawa

Da sauri, amma da tsari. Ki fara da inda ya fi ja, wanda galibi tsakiyar tsawon gashin ne da ƙeya. Ki riƙa ɗiban siraran layuka, ki shafa sama da ƙasa, ki murza da yatsu cikin safa har ya ratsa. Gashi mai murɗe da cika yana ɓoye busasshen wuri a ciki, don haka ki ƙara rage kaurin layin, ki buɗe shi da yatsa ki leƙa. Daga nan sai tushe. Kusa da fata ɗumin jiki yana hanzarta aiki, kuma can ne bilicin ya fi yin haske tun farko, don haka ba ya son dogon lokaci. Bakin gashi da siraran gashin gaban goshi su ne na ƙarshe, wani lokaci minti biyar na ƙarshe kawai suke bukata.

Dalilin ke nan da na ce na ɗanɗana kuɗata. Karo na biyu da na yi, daga baki na fara don shi ya fi sauƙin kamawa a hannu. Kafin in kai ƙeya, jelar gashin ta shanye shunayya ta koma kalar toka mai duhu kamar an tsoma ta a tawada, tsakiya kuma yana nan da jansa. Launi uku a kai ɗaya, na yi mako guda ina wanki.

Ki yi ƙoƙari ki gama shafawa cikin minti goma. In akwai mai taya ki da baya, ki kira ta.

8. Jira, ido a kan gashi

Mintin da ke kan takarda iyaka ne, ba wajibi ba. Na T18 har zuwa minti 30 ne, amma gashi mai sha da yawa yana iya gamawa a minti takwas ko goma. Duk minti uku zuwa biyar ki goge wani sili da jiƙaƙƙen tsumma ki duba, a wurare daban-daban. In bai kai ba ki mayar masa da rini. Kumfar da ke saman kai za ta yi shunayya mai ban tsoro; ba ita ce launin gashin ba, abin da ke ƙarƙashinta za ki duba. Da kin ga rawayar ta mutu, ki tashi. Kada ki ce bari in ƙara minti biyar don ya ƙara kyau. Kada ki sa diraya, kada ki ɗauki waya ki shagala.

Ɗan tsikari a fata ba komai ba ne. Zafi kamar ƙuna kuwa, a wanke nan take. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsafta. In fuska ko leɓe suka fara kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, wannan na asibiti ne cikin gaggawa. Ba a sa wannan rini a gira ko gashin ido.

9. Wankewa

Ki ɗan yayyafa ruwa ki murza kan na minti ɗaya, hakan yana daidaita launin ya kuma ɗaga wanda ya manne a fata. Sai ki ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi har ya fito fes. Shamfu mai laushi sau ɗaya in takardar ta ce a yi, kwandishana mai kauri na minti biyar zuwa goma, sannan ruwan sanyi. Kada ki yanke hukunci sai ya bushe kin gan shi da rana. Ranar farko kan ɗan fi duhu da toka, wanki ɗaya ko biyu yake sassautawa. Abin da ya rage a kwano a zubar. Kada a ɗura shi a kwalba a rufe, iska yake fitarwa, kwalbar tana iya fashewa.

In babu tona, ko gashin ba zai ɗauki dibelofa ba

Shamfun shunayya yana rage rawaya mai sauƙi, na shuɗi kuma ruwan lemo. A bar shi minti uku zuwa biyar, sau ɗaya ko biyu a mako. Ya fi ƙwarewa wajen riƙe launin da aka riga aka gyara a kan gyara shi daga farko, kuma yana busar da gashi in aka matsa masa.

Hanyar da na fi so ga gashin da ya wahala ita ce ta kwandishana. Ki sami rinin shunayya irin wanda ake shafawa kai tsaye ba tare da dibelofa ba. Ki zuba farar kwandishana cikin kwano, ki ɗiga rinin kaɗan-kaɗan, kamar ƙwayar wake, kina juyawa har ya zama shunayya mai haske. In ya yi duhu a kwano, gashin ma shunayya zai yi, sai a ƙara kwandishana. A shafa a gashi mai danshi, minti biyar zuwa goma sha biyar, ana dubawa. Ba ya cutar da gashi, sai dai wanki kaɗan ne ya tafi. Ki lura da irin shunayyar: mai jan ciki tana barin ruwan hoda, mai shuɗin ciki ta fi. Shuɗi zalla a kan rawaya kuwa kore yake haifarwa, kamar yadda yara ke haɗawa da fenti.

Babu burushi? Kwalbar roba mai tsinin baki ta isa, ko hannu cikin safa. Babu kofin awo? Ki yi amfani da murfi ɗaya ko cokalin roba ɗaya wajen auna duka biyun, muddin awon bai sauya ba.

In aikin ya karkace

Ya yi toka da yawa ko shunayya: ki wanke da shamfun amosani ko mai ƙarfin cire datti, da ruwan ɗumi, ki bar kumfar minti biyar, ki bi da kwandishana. Sau biyu ko uku cikin 'yan kwanaki yakan isa. In ya ƙi, a daka ƙwayoyin bitamin C su yi gari, a kwaɓa da shamfu, a shafa inda ya yi duhun kawai na kamar minti goma sha biyar. Kada ki kai masa bilicin don wannan.

Babu abin da ya sauya: matakinki bai kai na tonar ba. Ki koma sashe na 3, na zaɓen tona, ki zaɓi mai duhu kaɗan da shuɗi a ciki. Ya yi dabbare-dabbare: bilicin ɗin ne tun farko bai yi daidai ba, kuma tona ba ta daidaita haske, sai dai a sauko da kan gaba ɗaya zuwa matakin wurin da ya fi duhu, ko a kai wa ƙwararriya ta gyara.

Bayan nan

Tona baƙuwa ce, makonni kaɗan take yi, galibi uku zuwa shida, gwargwadon yawan wankinki. Ki ba ta kwana biyu kafin wankin farko. Ruwan zafi, rana mai ƙarfi, ƙarfen miƙar da gashi da ruwan wurin ninƙaya duk suna korar ta. Akwai kuma wanda ba a cika zargi ba, wato ruwan wanka kansa. Ruwa mai yawan ma'adinai yana barin ƙarfe a jikin gashi, sai ya yi ta ja kamar tsatsa komai tonar da aka sa. Alamarsa ita ce jan tabo a bokiti ko ƙasan banɗaki. In haka ruwanki yake, ki nemi shamfun da aka yi don cire ma'adinai, galibi za ki ga EDTA a jerin kayan haɗinsa, ki yi amfani da shi kafin ranar tona, ba bayanta ba. Mai mai launin rawaya ma yana rina farin gashi a hankali, ki zaɓi wanda ba shi da launi. In lokacin sabuntawa ya yi, ki rage mintunan da kika yi a karon farko, domin akwai sauran tsohuwar tonar a ciki, kuma bakin gashin wataƙila kwandishanar shunayya kaɗai ta ishe shi.